Mai Kwafar Fim Ɓarawo Ne? Bambancin Sata da Keta Haƙƙin Mallaka a Idon Doka

Shin wanda ya kwafi fim ɗin wani yana tura wa mutane a waya yana karɓar kuɗi ɓarawo ne? A wurin 'yan fim da mawaƙa da marubuta ba a ma tsayawa tambaya. Sunan aikin "satar fasaha", mai yin sa kuwa ɓarawo. Duk ranar da sabon fim ya ɓulla a Telegram kafin mai shi ya sake shi, ko littafin kuɗi na wata marubuciya ya fita daga zauren WhatsApp ɗin da ta keɓe wa waɗanda suka biya, abin da za ka fara ji shi ne "an yi mana sata", sai "Allah ya isa" ta biyo baya.

Zafin da ke cikin wannan magana na gaskiya ne. Sai dai idan batun ya je gaban alƙali, doka ba ta kiran mutumin nan ɓarawo. Laifinsa yana da nasa suna, da tasa dokar, da tasa kotun. Wannan ba sassauci ba ne gare shi, don sau da yawa hukuncinsa ya fi na ɓarawon kasuwa nauyi. Amma rashin sanin bambancin yana sa masu haƙƙi su kai kukansu inda ba za a iya share musu hawaye ba.

Me doka ke kira sata?

A Arewacin Najeriya, dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960 ta yi bayanin sata a sashe na 286. A taƙaice, mutum ya yi sata idan ya gusar da dukiyar da ake iya ɗagawa daga hannun mai ita, ba da yardarsa ba, da mugun nufin ɗauke ta. Sashe na 287 ya sa hukuncin ɗauri da zai iya kaiwa shekara 5, ko tara, ko duka biyun. Dokar sata ta Ingila ta 1968 ta ƙara fito da wani sharaɗi fili: sai ɓarawon ya yi nufin raba mai kaya da kayansa har abada.

Kenan sai abubuwa uku sun haɗu: kayan da ake iya ɗauka, fitarsu daga hannun mai su, da mugun nufi. An kwance akuyar mutum da dare, gari ya waye turke ba komai. Mai akuya ya rasa, ɓarawo ya samu, kuma akuyar ɗaya ce ba za ta kasance a gida biyu ba.

Masu tsara Final Kod sun san wannan ma'ana tana da iyaka. Shi ya sa da suka so a hukunta mai jan wutar lantarki ba bisa ƙa'ida ba, sai da suka ware masa ƙaramin sashe na musamman a ƙarƙashin sashe na 286, domin wuta ba abin da ake saɓawa a kafaɗa ba ce. Ba su yi wa waƙa ko labari irin wannan tanadi ba.

Yanzu a duba mai shagon tura finafinai. Ya kwafi fim a kwamfutarsa ya zuba wa mutum ɗari a memori. Ainihin fim ɗin yana nan a ofishin furodusa, ba a taɓa shi ba. Babu abin da ya fita daga hannun kowa. Furodusan ya yi asara, wataƙila ma asarar da za ta durƙusar da shi, amma abin da ya rasa ciniki ne, ba kaya ba. A nan ne dokar sata ke tsayawa, wata dokar ta karɓa.

To mene ne haƙƙin mallaka?

Haƙƙin mallaka ikon hanawa ne. Doka ta ba wanda ya ƙirƙiri littafi, waƙa, fim, hoto ko manhajar kwamfuta damar cewa shi kaɗai ke da ikon kwafar aikin, buga shi, rarraba shi, nuna shi a bainar jama'a, ɗora shi a intanet, fassara shi ko juya shi zuwa wani fasali, kamar mayar da littafi fim. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan ba da izini ba ya keta haƙƙin.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, littafin da ke hannunka daban, haƙƙin da ke cikinsa daban. Ka sayi littafi a kasuwa, takardar ta zama taka. Kana iya ba da aronsa, ka kyautar da shi, ko ka bar wa 'ya'yanka gado. Amma ba ka da ikon kai shi maɗaba'a a buga maka kwafi dubu. Idan kuma wani ya zare littafin daga jakarka, kai aka yi wa sata, marubucin ba a taɓa haƙƙinsa ba.

Wannan tsari ba tsoho ba ne kamar haramcin sata. Dokar farko irin ta zamani an yi ta a Ingila a 1710, zamanin Sarauniya Anne, bayan injin buga littafi ya sa kwafa ta yi arha. Ta ba marubuci shekara 14, a ƙara masa wasu 14 idan yana raye. Daga baya ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Berne a 1886 don su riƙa kare ayyukan juna, Najeriya ta shiga a 1993. Dokar da ke aiki a Najeriya yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin wadda aka gada daga mulkin soja tun 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ita ke kula da aiwatar da ita.

Shari'o'i biyu da suka shata iyakar

A Amurka an taɓa gwada haɗa laifukan biyu a kwando ɗaya. Wani mutum mai suna Paul Dowling ya riƙa buga fayafayen waƙoƙin mawaƙin nan Elvis Presley ba da izini ba, yana aika wa masu saye a jihohi daban-daban. Masu gabatar da ƙara suka tuhume shi da keta haƙƙin mallaka, suka ƙara da tuhumar tsallaka iyakar jihohi da kayan sata. Maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta yanke hukunci a 1985. Mai shari'a Harry Blackmun, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya bayyana cewa mai keta haƙƙi ba ya karɓe haƙƙin a hannunsa, ba ya kuma hana mai shi amfani da shi gaba ɗaya, saboda haka ba za a kira fayafayen kayan sata ba. Kotun ta soke wannan ɓangare na hukuncin.

A kula, Dowling bai fita fes ba. Hukuncin da aka yi masa na keta haƙƙin mallaka yana nan daram. Abin da kotun ta ƙi shi ne a aro dokar wani laifi a ɗora wa wani. Alƙalai uku daga cikin tara ba su yarda da wannan ra'ayi ba, alamar cewa ko a tsakanin masana gardamar tana da nauyi.

Ta biyun a Ingila ta faru, a 1978. Wani ɗalibin Jami'ar Liverpool mai suna Moss ya samu takardar tambayoyin jarrabawa kafin ranar zama, ya karanta, kuma bai yi nufin riƙe takardar ba. Aka gurfanar da shi da laifin sata. Kotu ta ce bayanan sirrin da ke cikin takardar ba dukiya ba ce a ma'anar dokar sata, takardar kuwa ba a yi niyyar raba jami'a da ita ba. Aka sallame shi daga wannan tuhuma. Babu mai cewa abin da ya yi daidai ne. Maguɗi ne, amma ba sata ba.

Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure alƙalin Najeriya ba, sai dai dokokinmu na zamani daga tushen Ingila suka fito, kuma sharuɗɗan sata a Final Kod suna kai mutum ga irin wannan matsaya.

Inda hanyoyin suka rabu

Na farko shi ne niyya. Ba a kama mutum da sata sai an tabbatar da mugun nufinsa. Wanda ya ɗauki takalmin wani a ƙofar masallaci yana zaton nasa ne bai yi sata ba. A ƙarar diyya ta haƙƙin mallaka kuwa, "ban sani ba" ba ta wanke mutum. Gidan rediyon da ya sa waƙar wani a talla yana zaton babu komai ya keta haƙƙi, ko da rashin sanin zai iya rage abin da za a karɓa daga hannunsa.

Sai wa'adi. Mallakar gida ko gona ba ta ƙarewa, jikoki suna gada. Haƙƙin mallaka yana da ranar mutuwa. A dokar Najeriya, littafi da rubutacciyar waƙa suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, fim da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da su. Daga nan aikin ya zama na kowa. Shi ya sa duk mai maɗaba'a yana iya buga rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ko waƙoƙin Nana Asma'u ba tare da neman izini ba, ko da yake sabuwar fassara ko sharhi da wani malami ya yi musu a yau tana da nata haƙƙin.

Akwai kuma rangwame. Babu dokar da ta ce kana iya ɗaukar kaɗan daga kuɗin maƙwabcinka don neman ilimi. Amma dokar haƙƙin mallaka ta bar ƙofa ga mai nazari, mai sharhi, ɗan jarida mai ba da rahoto, da malami a aji, su yi amfani da wani yanki na aikin wani bisa adalci. Alƙali zai duba manufar amfanin, yawan abin da aka ɗauka, da ko ya taɓa kasuwar mai aikin. Ɗalibin da ya kwafi shafi biyar don rubuta kundinsa ba ɗaya yake da mai shagon da ya buga littafin sukutum yana sayarwa a ƙofar makaranta ba.

Haka nan doka ba ta kare tunani zalla, sai yadda aka zuba shi. Labarin talaka da ya so 'yar mai kuɗi ba na kowa ba ne. Amma wanda ya bi fim ɗin Indiya fitowa bayan fitowa ya juye shi da Hausa, ko ya ɗora masa muryar Hausa ya sayar ba da izinin masu shi ba, ya taɓa haƙƙin wasu. Wannan magana ba ta yi wa wasu 'yan masana'antarmu daɗi, amma dokar da muke son ta kare mu ita ce ke kare su.

Bambancin da ya fi taɓa mai ƙara kai tsaye shi ne kotu. Ɓarawon waya ana kai shi kotun majistare ko kotun Shari'a. Haƙƙin mallaka kuwa yana cikin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya, sashe na 251 kuma ya ba Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai hurumin sauraron irin wannan ƙara. Furodusan da ya kai mai kwafar fim ɗinsa ƙaramar kotu da tuhumar sata yana iya ɓata watanni, ƙarshe lauyan wancan ya miƙe ya ce kotun ba ta da hurumi, ko kuma babu kayan da aka ɗauka.

Shin hukuncin ya fi sauƙi?

Ko kaɗan. Dokar 2022 ta mayar da kwafa don kasuwanci babban laifi. Mai buga kwafin jabu don sayarwa yana fuskantar tarar da ba ta gaza naira 10,000 ba a kan kowane kwafi guda, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun. A sata shekara 5 ita ce ƙololuwa a sashe na 287, a nan kuwa daga nan ake farawa. Bayan haka mai haƙƙi yana iya shigar da ƙarar kansa ya nemi diyya, ya nemi kotu ta dakatar da aikin, ta tilasta wa mai laifin ya fito da ribar da ya ci, har ta ba da umarnin a shiga shagonsa a bincika a ƙwace kwafin kafin ya ɓoye su.

A Amurka lissafin ya fi haka ban tsoro. Doka ta ba da damar a ci mutum diyyar dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki guda, ta kai 150,000 idan da gangan ne. Wata mata mai suna Jammie Thomas, wadda kamfanonin waƙa suka kai ƙara kan waƙoƙi 24 da aka rarraba ta intanet, ta ƙare da bashin dala 222,000 a wuyanta bayan shari'ar shekaru. Da fayafayen ta ɗauka a kanti, da wuya hukuncinta ya kusanci haka. A ganina wannan ya wuce kima, kuma yana nuna cewa dokar da ba a auna ta ba tana iya zaluntar ƙaramin mai laifi.

Me malaman Musulunci suka ce?

Ga yawancin masu karanta wannan, tambayar ba ta ƙarewa a kotu, tana komawa ga halal da haram. Satar da ke jawo haddi a fiƙihu tana da sharuɗɗa masu tsauri: a ɗauki dukiya a ɓoye, daga ma'ajiyarta, ta kai nisabi, wanda a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami 3, kuma babu shubuha. Kwafar fim ba ta fitar da komai daga ma'ajiya, don haka ba ta shiga wannan babi.

Amma rashin haddi ba halasci ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar kuɗi a al'adar zamani, Shari'a tana kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka saɓa, musamman game da littattafan addini, suna tsoron kada a faɗa cikin ɓoye ilimi. Mafi rinjayen malaman zamani dai suna kan cewa cin haƙƙi ne, a hukunta shi da ta'aziri, a biya wanda aka cuta. Abin lura shi ne fiƙihu da dokar boko sun haɗu a wuri ɗaya: laifi ne, amma ba shi ne sata ba.

Gardamar ɓangarori biyu

Masu cewa duk sata ce suna da hujja mai ƙarfi ta fuskar ɗabi'a. Mutum ya ci bashi, ya tara 'yan wasa, ya yi watanni yana ɗauka da tacewa, wani da bai zuba ko sisi ba ya kwashe cinikin. Duk wanda ya san yadda kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai take a da, ya kuma ga yadda tura fim a waya ta tashe ta, ba zai raina wannan kuka ba. Kalmar sata tana sa mai saye ya ji kunya, kuma kunyar tana da amfani.

Ɗaya ɓangaren yana cewa, "Ai ban rage shi da komai ba, talla ma na yi masa." Wannan magana rabinta gaskiya ce. Ba kowane kwafi ba ne ciniki ɗaya da ya kuɓuce, don wasu da ba za su taɓa saye ba. Amma ba mai kwafa ne zai yanke wa mai aiki irin tallar da ta dace da shi ba. Idan marubuciya ta ce littafinta na kuɗi ne, ta riga ta faɗi sharaɗinta.

Ni ina tare da masu aikin. Dalilin da ya sa nake nacewa a kan bambancin shi ne, kalmar sata tana rufe musu ido daga makaman da doka ta ba su. Tana kuma jefa ɗalibi mai kwafar shafi biyar da mai injin buga dubbai a rami ɗaya, alhali ba su yi kusa da juna ba.

Akwai lokacin da laifukan biyu ke haɗuwa. Idan aka fasa ofis aka ɗauke na'urar da fim ke ciki, an yi sata. Idan aka ɗora fim ɗin a intanet, an ƙara da keta haƙƙi. Idan mai tace hoton da aka damƙa wa aikin ne ya fitar da shi, maganar cin amana da saɓa yarjejeniya ta shigo. Idan kuma kutse aka yi wa kwamfuta, dokar laifukan intanet ta 2015 tana da abin cewa. Wanda ya ɗauki rubutun wani ya sa sunansa kuwa ya ƙara wani laifin, don doka ta ba marubuci haƙƙin a ambace shi a kan aikinsa ko da ya sayar da haƙƙin bugawa.

Abin da ya shafi mai fim, marubuci da mai shago

Haƙƙi yana tabbata da zarar an rubuta aikin ko an naɗe shi, ba sai an yi rajista ba. Duk da haka rajistar da NCC ke yi tana da amfani ranar da za a tsaya gaban alƙali ana gardamar wa ya riga wa. Ajiye rubutun farko, kwanan wata da rasit shi ne shaidar mai aiki.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne ciniki. Doka ta ce sayar da haƙƙin mallaka, ko ba mutum ɗaya izini na keɓe, ba ya inganta sai a rubuce. Mawaƙi ya karɓi kuɗi a hannun furodusa da baki, "na sayar maka", shekara biyu bayan nan waƙar ta fara kawo kuɗi a YouTube, kowa ya ce ɗan'uwansa ɓarawo ne. Yawancin irin wannan rigima ba ta sata ba ce, ta rashin takarda ce.

Dokar 2022 ta kuma kawo abin da tsohuwar ba ta da shi: mai haƙƙi yana iya aika wa kamfanin da ke ɗauke da shafi sanarwa a rubuce ya sauke aikin da aka ɗora ba da izini ba, hukumar kuma tana da ikon sa a toshe shafin da ya mayar da wannan sana'a. YouTube da Facebook suna da nasu hanyoyin kai irin wannan ƙorafi, kuma sun fi zuwa kotu sauri. Tashoshin Telegram sun fi wahala, don ana rufe ɗaya wata ta buɗe.

Mai shagon tura finafinai shi ma ya kamata ya san matsayinsa. Sayen kwafi ɗaya bai ba shi ikon tura wa jama'a ba, sai ya samu izinin masu fim ɗin, kuma tarar da ake lissafawa a kan kowane kwafi tana iya cinye jarinsa a zama ɗaya.

A Jamhuriyar Nijar tsarin ya ɗan bambanta. Ƙasar tana cikin OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin fasaha, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, tana kuma da hukumarta ta haƙƙin mawallafa, BNDA, mai karɓar kuɗi a madadin masu fasaha. Tunda ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar Berne, fim ɗin da aka yi a Kano yana da kariya a Maraɗi, waƙar Damagaram ma tana da kariya a Kaduna, sai dai mai ƙara zai bi dokar ƙasar da aka keta haƙƙin ne.

Babbar matsalar da ta rage ita ce tsada. Ƙara a Babbar Kotun Tarayya tana buƙatar lauyan da ya san fannin, da kuɗi, da haƙurin shekaru, kuma marubuciyar da ke sayar da littafinta naira ɗari biyar ba za ta iya ɗaukar wannan ita kaɗai ba. Ƙungiyoyin marubuta da na 'yan fim su ne ke da ƙarfin ɗaukar lauya ɗaya su tara ƙorafin mambobinsu, su kai wa NCC, su bi shari'a guda har a yanke hukunci.